Ƙwayar Sola Mai Hawa Biyu: Darussan Inganci da Ƙarko a Zafi da Ƙurar Kaduna

Faifan sola na silikon da ake ɗorawa a rufin gidajen Barnawa, Unguwar Rimi ko Rigasa yana juya kashi 20 zuwa 23 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa zuwa lantarki. Ko masana'anta ta ƙure gwaninta, ƙwayar silikon, wato kowane ɗan yankin da ake jerawa a cikin faifan, ita kaɗai ba za ta wuce kashi 29.4 ba, domin iyakar halittarta ke nan. Tazarar makamashin silikon, wato mafi ƙarancin makamashin da haske zai zo da shi kafin ya motsa ilektiron a cikinsa, 1.12 eV ce (eV ma'aunin wannan makamashi ne). Haske shuɗi da kore suna zuwa da ninki biyu na wannan ko fiye, amma silikon abin da ya dace da tazararsa kawai yake ɗauka, rarar ta koma zafi.

Dabarar hawa biyu ita ce a yi wa silikon bene. A shimfiɗa masa wata ƙwaya a sama, ta sinadarin ferobskait, wani kiristal mai ɗauke da dalma, aidin da buromin, mai tazarar kusan 1.68 eV, ta kama haske daga shuɗi har zuwa mai tsawon zango wajen nanomita 740, ta bar ja mai zurfi da abin da ido ba ya gani su wuce ƙasa wurin silikon. Kaurin wannan bene bai fi rabin maikuromita zuwa ɗaya ba, alhali gashin kai ɗaya ya kai maikuromita 70. A 2009 ne Tsutomu Miyasaka na Japan ya fara fitar da lantarki daga ferobskait, da inganci kashi 3.8. A 2015 masu bincike na MIT da Stanford suka haɗa shi da silikon a jiki ɗaya, suka sami 13.7. A 2022 cibiyoyin EPFL da CSEM na Suwizalan suka tsallake kashi 30, kamfanin LONGi na Sin ya kai 33.9 a Nuwamban 2023, sannan 34.85 a Afrilun 2025.

Darasin farko shi ne kada waɗannan lambobi su ruɗi kowa. Kusan dukkansu an auna su ne a kan ƙwaya mai faɗin santimita murabba'i ɗaya, girman farcen babban yatsa, a digiri 25, da hasken fitila mai ƙarfin wat 1,000 a kowace mita murabba'i. Faifan farko da kamfanin Oxford PV ya sayar a Satumban 2024, wanda ya fito daga masana'antarsa ta Jamus, kashi 24.5 ya bayar. Tsakanin 34 da 24 akwai asarar faɗaɗawa, da ta waya, da ta gilashi, da kuma maki da dama da aka sallama da gangan don abin ya daɗe. Ba girin-girin ba, dai ta yi mai.

Ga lissafi mai sauƙi da ke nuna inda nauyin yake. A ɗauki faifan silikon mai kashi 22 da ke rasa rabin kashi ɗaya na ƙarfinsa duk shekara, a jera shi da mai hawa biyu na kashi 27 da ke rasa kashi 2 duk shekara. A shekara ta 12 silikon zai kamo shi ya wuce. In asarar ta kai kashi 3, shekara 7 da ɗan kaɗan ta isa. Shi ya sa ƙarin maki ɗaya a ranar farko bai kai rage lalacewa da rabin maki a shekara daraja ba, kuma yawancin shawarwarin da ke biye daga wannan ma'auni suka fito.

Daidaita kwararar wuta, da abin da zafi ke yi mata

A ƙwayar da aka haɗa hawan biyu a jere, mai waya biyu kacal, wutar da ta ratsa sama ita za ta ratsa ƙasa. In sama tana iya ba da miliamfiya 19 a kowace santimita murabba'i, ƙasa kuma 21, abin da zai fita bai wuce wajen 19 ba. Tafiyar ayari ce, mai rauni ke yanke saurinta. Masu ɗakin gwaji suna ɓata watanni wajen daidaita su biyun a kusan miliamfiya 20, suna wasa da kaurin ferobskait da yawan buromin ɗin da ke cikinsa.

Matsalar ita ce an yi wannan daidaito a digiri 25, faifan da ke kan rufin kwano a Kaduna cikin Maris da Afrilu kuwa yana kai digiri 60 zuwa 70 da tsakar rana. Hawan biyu kuma ba hanya ɗaya suke bi ba in sun ji zafi: tazarar silikon raguwa take yi, ta ferobskait tana ƙaruwa. Wato sama za ta rage kama haske, ƙasa ta ƙara. Daidaiton da aka sha wahala a kansa sai ya rushe, ferobskait ya zama shi ke jan ayarin baya. Masu bincike na jami'ar KAUST ta Saudiyya sun nuna a 2020, daga gwaji a fili, cewa inda ƙwaya ke aiki sama da digiri 55, tazarar da ta fi dacewa tana ƙasa da 1.68 eV.

Ƙurar hunturu ita ma wajen nan take turawa. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi daga Nuwamba zuwa Fabrairu ta fi tare haske shuɗi a kan ja, ko tana yawo a sama a matsayin hazo, ko ta kwanta a kan gilashi. Shuɗin kuwa shi ne abincin hawan sama. Faifan silikon mai ƙura yana rasa abin da ƙurar ta tare ne kawai. Mai hawa biyu yana rasa wannan, ya ƙara da asarar rashin daidaito. Gajimaren Agusta yana mayar da haske wajen shuɗi, amma a lokacin hasken kansa kaɗan ne, bai isa ya rama watanni huɗu na hazo da biyu na bazara ba. Hukuncinmu a nan ba ya rawa: ƙwayar da za a kawo arewacin Najeriya gara a gina ta hawan sama na da ɗan rara a digiri 25, ko da lambarta ta takarda za ta sauka da ɗan kaɗan. In faifan mai fuska biyu ne, da aka ɗaga a kan ƙarfe a fili mai farar ƙasa ko tsakuwa, hasken da ke dawowa ta baya silikon kaɗai yake shiga, don haka sai a ƙara rage tazarar.

Abin daɗin shi ne rage tazara yana nufin rage buromin, wannan kuma yana taimakon ƙarko. Haɗin da aka saba don samun 1.68 eV yana da aidin wajen kashi 77 da buromin wajen kashi 23. Tun 2015 Eric Hoke da abokan aikinsa a Stanford suka gano cewa in buromin ya wuce kusan kashi 20, haske yana sa aidin da buromin su rabu, kowa ya taru a gefensa. Ilektiron sai su gangara yankunan da aidin ya yi yawa, masu ƙaramar tazara, boltej ya faɗi. Ana gane wannan ta haska shimfiɗar na mintuna ana kallon hasken da take fitarwa: in ƙololuwarsa ta zame daga nanomita 740 zuwa sama, rabuwa ta fara. Ƙara siziyom, da ɗan kolorin, da kula kiristal su fito manya, duk suna rage ta.

Abin da ke kawo maki yau ya kashe ƙwaya gobe

Akwai dabaru uku da ke ɗaga inganci a makon farko, kuma dukkansu bashi ne. Na farko sinadarin metilamoniyom: yana sa shimfiɗa ta fito sumul ba wahala, amma yana fara ɓallewa ya fice a wajen digiri 85, kuma haske yana gaggauta ficewar. Haɗin fomamidiniyom da siziyom ya fi wuyar sarrafawa, amma shi ke jure rana. Na biyu barin rarar aidin-dalma 'yar kaɗan a cikin haɗi. Tana toshe wasu lahani, boltej ya hau, sai dai haske yana fasa ta zuwa ƙarfen dalma da aidin, su kuma su zama tarkon ilektiron. Na uku shimfiɗar LiF, wani gishirin litiyom, mai kaurin nanomita ɗaya da ake sawa tsakanin ferobskait da C60, shimfiɗar kabon da ke kwashe ilektiron: tana ƙara boltej, amma tana jan danshi, litiyom ɗinta kuma ba ya zama wuri ɗaya. Shi ya sa da yawa suka koma irinta ta magniziyom, wadda KAUST ta nuna amfaninta a 2022.

Ruwan haɗin kansa yana da sharuɗɗa. Ana narka gishirin ferobskait a ruwan narkarwa iri biyu, DMF da DMSO, kashi 4 da 1, da kaurin mola 1.4 zuwa 1.7, cikin akwatin naitirojin mara danshi, a tace da matata mai ƙofar maikuromita 0.2 ko 0.45. Ruwan da ya kwana biyu aidin ɗinsa ya fara sauyawa, launi ya ƙara rawaya, a zubar da shi ya fi. Bayan shimfiɗawa ana gasa ƙwaya a digiri 100 na mintuna 15 zuwa 30. In saman ya bushe da wuri ya kulle, DMSO yana maƙalewa a ƙasa, daga baya ya fice ya bar ramuka a daidai mahaɗar, inda ido ba ya gani. Ƙwayar za ta yi kyau ranar awo, bayan sa'o'i ɗari a haske lalacewa ta faro daga waɗannan ramuka.

Hasali ma, in aka bi sawun yawancin gazawa, a mahaɗa ake samun ta, ba a tsakiyar ferobskait ba. Jerin daga ƙasa zuwa sama haka yake: silikon, siririyar shimfiɗar ITO, mai wuce haske da gudanar da wuta, da ke haɗa hawan biyu, shimfiɗa mai kaurin ƙwayar sinadari ɗaya irin su 2PACz ko Me-4PACz, ferobskait, C60 na nanomita 10 zuwa 20, tin oksaid na kusan nanomita 20, sai shimfiɗa mai wuce haske da ke ɗaukar wuta, layukan azurfa, da rigar hana ƙyalli. Me-4PACz ce ta kai cibiyar HZB ta Balin ga kashi 29.15 a 2020, amma ruwan ferobskait ba ya son kwanciya a kanta, yana tsinkewa ya bar huji. Ana wanke ITO da hasken ozon na minti 15 kafin a sa ta, wasu kuma su gauraya ta da wata ko su sa nikel oksaid a ƙarƙashi. ITO ɗin tsakiya a bar shi siriri, ƙasa da nanomita 20. In ya yi kauri yana gudanar da wuta a kwance, huji ɗaya sai ya zuƙe wutar yankin da ke kewaye da shi.

Tin oksaid kuwa kada a yi masa rowa. Ana ɗora shi ne zare-zare da iskar sinadari a digiri 80 zuwa 100. Aikinsa na farko kare C60 da ferobskait daga harbin injin da ke feso shimfiɗar sama. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci ga ƙarko, shi ne katanga: yana hana danshi shiga, yana hana aidin fita ya riski azurfa. Aidin in ya sami azurfa cin ta yake yi, layukan su dushe, juriyarsu ta hau. Amma wannan mahaɗa ta C60 da tin oksaid ita ce mafi raunin manne a ginin gaba ɗaya, daga nan ɓarewa ke farawa.

Fuskar silikon na kasuwa tana da ƙananan dalar da aka tona da sinadari don kama haske, tsayinsu maikuromita kaɗan. Ferobskait na rabin maikuromita ba zai rufe su ba, tsininsu zai huda shi. Ko dai a rage dalar zuwa ƙasa da maikuromita ɗaya a ƙara kaurin ferobskait, ko a bi hanyar da EPFL ta nuna a 2018, a fara turara gishirin dalma da siziyom su bi siffar dalar, sannan a zuba ruwan sauran sinadaran. Juya ƙwaya a kan faifai mai gudu, da zuba mata ruwan daskararwa, sana'ar santimita ɗaya ce. A kan silikon mai faɗin milimita 182 ko 210 sai shafe da wuƙa ko bakin inji mai tsaga, da busarwa da iskar naitirojin. Man azurfar layuka ma dole ya bushe a ƙasa da digiri 150, alhali na wasu ƙwayoyin silikon ana ƙona shi sama da digiri 700.

Rufi

Tun ran gini ran zane. Ƙwaya komai kyanta, in rufin da aka lulluɓe ta da shi bai yi ba, damina ɗaya ta ishe ta. Danshin iskar Kaduna yana faɗuwa ƙasa da kashi 20 a tsakiyar hunturu, ya haura 80 a Agusta. Ferobskait da ya sha danshi yana komawa rawaya, kuma ba ya dawowa.

Robar EVA da ke cikin yawancin faifan silikon ba ta dace ba. Tana sakin asid irin na binega in danshi da zafi suka haɗu, ana kuma narka ta a wajen digiri 150. Abin da ya tabbata yana aiki shi ne gilashi gaba da baya, ba leda a baya ba. Robar foliolefin ko foliyuretan a tsakiya, da ake mannewa a wajen digiri 120. Da kuma robar butil a zagaye da baki, faɗinta santimita ɗaya ko fiye, ba yankewa a kusurwa. Ƙofar da waya ke fita zuwa akwatin baya ita ce ɓarauniyar hanya, ita ma sai an cika ta da butil. Wannan rufi aiki biyu yake yi. Yana hana ruwa shiga, yana kuma tsare iskar da ferobskait ke saki in ya ji zafi. In iskar ba ta sami mafita ba, ruɓewar tana tsayawa, wani sashe ma ya koma yadda yake.

Taurin robar ma abin lura ne. Ferobskait yana buɗewa da zafi fiye da silikon ninki 10 da wani abu. Cikin hunturu gilashi kan wayi gari ƙasa da digiri 15 wasu ranaku, kafin azahar ya haura 50, kullum haka. Roba mai tauri tana miƙa wannan ja kai tsaye ga mahaɗar C60, ta ɓare. Mai laushi tana shanye shi. Saboda wannan dalili ne wankin faifai ya kamata ya zama da asuba ko bayan la'asar sakaliya. Watsa ruwan sanyi a gilashi mai zafi da tsakar rana, ko ga silikon ma ganganci ne.

Gwaje-gwajen ƙa'idar IEC 61215 an tsara su ne don silikon: sa'o'i 1,000 a digiri 85 da danshi kashi 85, da zagaye 200 tsakanin digiri 40 ƙasa da sifili da 85 sama. Ƙwayoyi masu hawa biyu da dama sun ci su, amma abin da cin ya tabbatar shi ne rufin yana da kyau, tunda gwajin danshin cikin duhu ake yin sa. Abokin gabar ferobskait na gaske haske ne da zafi a lokaci guda, yana kuma ɗauke da kaya. Ƙa'idojin ISOS da masu bincike suka amince da su a 2020 sun tanadi wannan: cikakken haske, digiri 65 ko 85, ana jan wuta a ƙololuwar ƙarfi. Duk wanda ya kawo takardar da ke cewa ƙwayarsa ta yi sa'o'i dubu, a tambaye shi a digiri nawa. Sa'o'i dubu a digiri 25 ba su ce komai ba game da rufin Tudun Wada. Gwajin da KAUST ta yi a bakin Bahar Maliya, wuri mai zafi da danshi da ƙura, ya nuna ƙwayoyin sun riƙe kusan kashi 80 na ƙarfinsu bayan shekara ɗaya a waje. Ci gaba ne a lokacinsa, amma faifan silikon ana ba shi garantin shekara 25 zuwa 30.

Ga masu haɗa sola, akwai abin da zai sauya a hannunsu ranar da waɗannan faifai suka iso kasuwa. Ƙwayar silikon bolt 0.7 take bayarwa in ba kaya. Mai hawa biyu 1.9 zuwa 2, da rabin kwarara. Faifai mai ƙwaya 72 a jere, maimakon bolt 50 zai doshi 137. Kwantirolar caji mai iyakar bolt 100 za ta ƙone, mai 150 kuma ba ta bar sarari ga sanyin asubar hunturu ba, lokacin da boltej ke ƙara hawa. Inbata mai iyakar bolt 450 ko 500 faifai uku kawai zai ɗauka a layi. Kwantirola irin ta PWM asara ce tsantsa a nan, sai irin ta MPPT, mai bin ƙololuwar ƙarfi. Kada a jera shi layi ɗaya da tsohon faifan silikon. Ribar ita ce rabin kwarara na nufin zafin da waya ke ci ya sauka zuwa rubu'i.

Inuwa ma ta fi haɗari. Ƙwayar da reshen darbejiya ko tankin ruwa ya rufe, sauran suna tura mata wuta ta baya. Ferobskait shi kaɗai bolt kaɗan yake jurewa a haka kafin ya huje. Silikon da ke ƙarƙashinsa yana ɗauke masa yawancin nauyin, amma ba hujjar sakaci ba ce. Inuwar da aka fi mantawa da ita ita ce layin laka da ke taruwa a bakin firam na ƙasa in faifai ya kwanta da yawa. Kaduna tana kusan digiri 10.5 arewa da tsakiyar duniya, don haka jinginar digiri 10 zuwa 15 tana fuskantar kudu ta wadatar da haske, ta kuma bar ruwa ya gangara da ƙurar.

Sai dalma. Kowace mita murabba'i tana ɗauke da wajen giram ɗaya, abin da bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da kilo-kilo na dalma da ke cikin batirin ruwa guda ɗaya. Bambancin shi ne wannan dalmar tana narkewa a ruwa. Yankin da ya ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ba ya buƙatar dogon bayani. Faifan da gilashinsa ya tsage a sauke shi kafin ruwan sama ya same shi, kada a tari ruwan indararon rufin don sha, kuma a yi yarjejeniyar mayar da shi ga mai sayarwa tun ranar ciniki, kada ya faɗa hannun 'yan bola jari.

Ƙirƙirar ƙwayar tana buƙatar injuna masu tsada, amma auna ta a fili ba ya buƙata, kuma aiki ne da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, Jami'ar Jihar Kaduna ko ABU Zariya za su iya. A jera faifai biyu masu hawa biyu da ɗaya na silikon a jingina ɗaya, a riƙa wanke ɗaya daga masu hawa biyun duk mako a bar ɗayan da ƙurarsa. Kowanne a ba shi na'urar bin ƙololuwar ƙarfi tasa, da ma'aunin zafi manne a bayansa, a rubuta boltej, kwarara, zafi da ƙarfin haske duk minti biyar. Awon safe a ware shi da na yamma, domin ferobskait yakan farfaɗo da dare ya sake sauka da rana, wanda ya auna da safe kawai zai ga lafiyar da babu ita. In kwarara ce ta faɗi, a fara zargin ƙura ko rashin daidaito. In boltej ne, rabuwar aidin da buromin. In siffar lanƙwasar awon da ke nuna kwarara a kan boltej ce ta lotsa alhali su biyun suna nan, mahaɗa ko azurfa. Gwajin ya ratsa hunturu, bazara da damina cikakku, sannan bayan ruwan farko na shekara a duba kusurwoyi huɗu da bakin akwatin baya da tabarau mai ƙara girma, a nemi ɗigon rawaya.